Lahadin Suleja a Ofishin Maskat

Abu na farko da aka karɓe mini a Maskat fasfo ne. Ban gama miƙe ƙafafuna daga zaman jirgi ba wani siririn mutum mai riƙe da kwali, an rubuta sunana a karkace, ya miƙo hannu ya ce in kawo za a ajiye mini a ofis don kada ya ɓace. Na ba shi, har da godiya. Wata goma sha tara ban sake sa fasfon a ido ba.

Sunana Shu'aibu, haifaffen unguwar Magajiya a Suleja. Shekara shida na yi ina kula da kwamfutocin wani ƙaramin kamfanin masu zanen gine-gine a Abuja, in bi motar asuba in dawo bayan magariba kamar rabin mutanen garinmu. Da kamfanin ya rufe na zauna wata tara ina gyaran wayoyin maƙwabta. A nan ne wani ejan ya same ni da zaƙin baki.

"Oga Shu'aibu, wannan aikin kamar don kai aka yi shi," in ji shi. "Computer work ne, cikin AC. Kana sauka za su ba ka tebur naka."

Tebur kam an ba ni, amma na gogewa. Kwana biyu da sauka aka ajiye mini takarda da Larabci aka nuna inda zan sa hannu. Larabcina na allo ne, ina iya karantawa da ƙira'a mai daɗi amma ban san abin da nake faɗa ba. Na bi takardar layi-layi ina motsa leɓe don kada a raina ni, na sa hannu. Wani ɗan Uganda ne ya gaya mini daga baya cewa abin da na karanta da tajwidi ɗin nan yana nufin ni mai shara ne da kai shayi a hedikwatar wani kamfanin gine-gine, na tsawon shekara biyu, ko kuma har lokacin da suka ga dama.

Masaukinmu yana bayan gari, inda duwatsu baƙaƙe suka kewaye wuri kamar an ƙona su. Mu takwas ne a ɗaki, 'yan Bangaladash huɗu, 'yan Nefal biyu, ɗan Ugandan nan da ni. Ba mai zaluntar wani, ba kuma mai sauraron wani. Kowa yana da wayarsa da matarsa a cikinta. In na kira tawa matar, Rakiya, sai in jingina da bango mai tsabta in ce aiki yana tafiya daidai. Mama Ebuka, 'yar hayar gidanmu mai sayar da kayan miya, takan leƙo ta bayan kafaɗarta ta ɗaga murya.

"Oga Dubai! You don fat o! Ka kawo mana turare!"

A wurinta duk ƙasar Larabawa Dubai ce. Ban yi ƙiba ba, fuskata ce ta kumbura saboda zafi da rashin barci, amma nakan yi dariya in ce turare yana nan tafe. In an kashe wayar sai in ji kewar gida ta kama ni, har hayaniyar injin markaɗen Mama Ebuka da nake yi wa tsaki a da sai na ji ina marmarinta.

A wata na biyu na haɗu da Baba Usman. Ina goge matakalar da ke sauka ɗakin na'urori sai bokiti ya kife, ruwan sabulu ya bi ƙafar wandona. Na yi wata ashar da ban taɓa yi a gaban mahaifina ba, don na san ba mai ji. Sai na ji murya daga bayan ƙofar ƙarfe.

"Wane ne ke zagi da Hausa a nan?"

Na tsaya da tsumma a hannu. Wani dattijo ne dogo, baƙi, da furfura a gemu da tabarau a goshi. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai ɗan ina ne, ya waladi?" Na ce Suleja. Bai san sunan ba. Na ce ƙasar Zazzau, kusa da dutsen Zuma. Sai ya kama hannuna da sabulun da komai ya ƙi saki.

Ɗan Sudan ne. Kakansa ya bar ƙasar Zazzau a ƙafa da niyyar aikin hajji, guzuri ya ƙare a hanya, ya tsaya noma a Sudan, bai kai Makka ba bai kuma koma gida ba. Hausar Baba Usman irin ta tsofaffi ce, da Larabci a barbaɗe. Ya ce kakansa yakan ba su labarin wani dutse mai fuskar mutum, su kuwa suna ɗauka tatsuniya ce. Na ce dutsen yana nan, kullum ta gabansa nake wucewa in zan tafi aiki. Shekararsa goma sha tara a kamfanin, shi ke kula da na'urorinsu. Yana da gida a Omdurman, ko in ce yana da shi a da. Da yaƙi ya ɓarke ya samu ya fito da matarsa da 'ya'yansa mata biyu, suna zaune a Maskat a kan iƙamarsa, wato takardar izinin zama. Ita kuwa iƙama a can da aiki take ɗaure. Ranar da aiki ya ƙare, ranar ake fara ƙirga maka kwanakin fita, kai da duk wanda ke ƙarƙashinka.

Juma'a ce kawai ranar hutuna, kuma tun daga lokacin a gidansa nake yin ta. Matarsa takan tuƙa wani abu da suke kira asida, da miyar busasshiyar kuɓewa. Tuwo ne, ba wani abu ba. Ranar farko da na sa loma a baki hawaye suka zubo mini, na ce barkono ne, Baba ya ce ai ba a sa barkono ba, ya ci gaba da cin abincinsa bai ƙara dubana ba har na gama.

A kan tabarmar da muke cin abinci ya gaya mini damuwarsa. Kamfanin yana da wata babbar na'ura, saba muke ce mata, wadda duk ma'aikata ke haɗuwa a kanta. Zane, kwangila, wasiƙa, lissafin siminti, komai a cikinta ake ajiyewa, mutum goma su yi aiki a kan takarda ɗaya kowa daga teburinsa. To sabar nan ta yi nauyi. Takardar da a da ake buɗewa kafin ƙiftawar ido yanzu sai mutum ya sha rabin kofin shayi yana jira. Na san haka, don ni ke kai shayin, ni kuma ke jin tsakin. Manajan kamfanin, da suke kira Mudir, ya riga ya ce in ba a gyara ba zai ɗauko kamfanin waje ya miƙa musu ɗakin na'urorin gaba ɗaya.

"Ni mutumin waya da ƙarfe ne," in ji Baba. "Na ƙara mata ƙwaƙwalwa, na sauya faifai, a banza. Wanda ya kafa rumbun bayanan ya tafi shekara biyar ke nan, bai bar mini ko takarda ɗaya ba."

Na ce, "Baba, yaushe rabon da a gyara fihirisar rumbun?"

Ya sauke tabaransa daga goshi ya dube ni. A ranar ya san cewa mai goge masa matakala ya yi shekara shida yana wannan aikin.

Abin ba wuya gare shi ba in an gane. Duk takardun da ke kan saba a cikin rumbun bayanai suke, shi kuma rumbun yana da fihirisa, jerin da ke gaya wa na'ura inda kowane abu yake, kamar jerin babuka a farkon littafi. Kullum ana ƙara takardu, ana gogewa, ana sauyawa, sai jerin ya yi ta yagewa, wani yanki nan wani can, har ya zama na'ura tana yawo kafin ta gano abu ɗaya. Hanyar gyara biyu ce. Akwai ta lallaɓawa, a riƙa jera gutsattsarin a hankali mutane na aikinsu, kamar mai share shago da masu ciniki a ciki. Akwai kuma ta rushewa a sake ginawa daga tushe. Wannan ta fi tsabta nesa ba kusa ba, amma a irin sabar da suke da ita sai ta kulle rumbun, ba mai shiga ba mai fita har ta gama. Saboda haka ba a yin ta sai ranar da babu kowa.

Ina da kayan aikina a filashin da ke rataye da makullin akwatina: wani umarni da na rubuta da hannuna a Abuja, na yi ta goge shi shekara da shekaru har ya zama ba ya kuskure. Yana auna fihirisa, ya rushe wadda ta lalace ya sake gina ta. Ina alfahari da shi fiye da takardar difilomata.

Dole in faɗi yadda nake aiki da shi a gida, don a nan ɓarnar take. A ƙasashen da wuta ba ta ɗaukewa cikin dare ake irin wannan gyaran. Mu kuwa a ofishinmu na Abuja maigadi yana kashe janareto ƙarfe bakwai na yamma, saba ta kwanta tare da kowa. Asabar masu zane sukan leƙo. Lahadi ce kaɗai ranar da ofis ke zama kango. Sai in fito daga Suleja da safe, shagunan Inyamurai duk a rufe, titi fayau, motar da ke cin awa biyu ranar Litinin ta wuce Zuma ta kai ni cikin minti arba'in. In kunna janareto, in sayi shayi da burodi a bakin titi, ƙarfe tara daidai umarnin ya tashi da kansa. Na saka masa wannan lokacin a cikin jikinsa don kada in riƙa tunawa. Duk na'urar da aka ɗora shi a kai, zai kafa wa kansa alƙawarin Lahadi ƙarfe tara. Kafin in gama shayina ya gama.

A Maskat kuwa Juma'a da Asabar ake hutu. Lahadi ita ce Litinin ɗinsu.

Na san haka. Kada wani ya yi mini uzuri cewa baƙo ne ni. Lahadi ashirin na yi ina goge teburan mutane suna zaune a kansu.

Wata Alhamis da la'asar, ofis ya fara watsewa, Baba ya shigar da ni ɗakin na'urori. Doka ta hana mai shara taɓa ko da allon kwamfuta, kuma ba da lambar sirri ga wani laifi ne da ke iya kai mutum gaban 'yan sanda. Ya shiga da sunansa da lambarsa, ya tashi ya ba ni kujerar, ya tsaya a bakin ƙofa yana jan carbi. Fiye da shekara rabona da zama a gaban saba. Yatsuna sun yi kaushi da sabulu amma ba su manta hanya ba. Na auna fihirisar, kusan dukkanta ta wargaje. Na nuna masa, na ce in aka sake gina ta sabar nan za ta tashi kamar sabuwa.

Ya yi murmushin da ban taɓa gani a fuskarsa ba. Sannan ya ɗaga yatsa.

"Amma ba yanzu ba, ɗana. Ranar Lahadi da sha biyun rana za su miƙa takardun neman wata babbar kwangila, wata uku suna haɗa su. Kada mu taɓa komai sai sun miƙa. Juma'a ta sama zan nemi izinin Mudir, mu zo mu biyu, ba kowa. In ta yi kyau zan gaya masa ko wane ne kai."

Na ce to. Amma zumuɗi ya hana ni tashi haka nan. Na ce bari in ɗora umarnin kawai ya zauna a shirye, don ranar Juma'a mu danna mu huta. Ya ce ba komai tunda ba tashinsa za a yi ba. Na ɗora. Layin da ke cewa Lahadi ƙarfe tara yana nan a gabana, na huɗu daga sama. Idona ya bi ta kansa kamar yadda yake bi ta kan ƙofar gidanmu, bai ga abin tsayawa ba. A cikin kaina Lahadi ba rana ba ce, wuri ne da babu kowa.

Ranar Lahadi ina hawa na uku da faranti cike da kofuna. Masu haɗa takardun kwangila sun cika babban ɗaki, an tuɓe kwat, ana ta kiran lambobin shafi. Wata injiniya ce ta fara cewa nata ya tsaya. Na kusa da ita ya ce nasa ma. Cikin minti biyu duk allunan ɗakin suna nuna 'yar da'irar nan mai juyawa. Na ɗaga kai na dubi agogon bango. Tara da minti huɗu. Wallahi sai da na ji ƙamshin hayaƙin janareton Abuja a hancina. Na ajiye farantin a kan wata kujera na bi matakala da gudu.

Baba yana tsaye gaban allo, wayar teburinsa tana ta ƙara. Bai tambaye ni me ya faru ba, ya riga ya gani.

"Minti nawa yake ɗauka?"

"A Abuja arba'in."

"Ofishinku mutum nawa ne?"

"Sha huɗu."

Ya rufe ido. Su ɗari huɗu da wani abu ne, da takardun shekara goma sha biyu.

Na ce masa kada a tsayar. In aka katse irin wannan aikin a tsakiya na'ura ba ta sakin rumbun, sai ta koma baya tana warware duk abin da ta yi, kuma warwarewar na iya fin ginin daɗewa. Muka tsaya muna kallo. Goma ta yi. Goma da rabi muka ji takun Mudir a matakala, na yi wuf na ɗauki tsintsiya na koma kusurwa. Mutum ne da ba ya ɗaga murya, abin da ya sa ake tsoronsa ke nan. Ya tambayi abin da ke gudana, Baba ya faɗa masa. Ya ce a kashe shi yanzu. Baba ya ce zai fi kyau a bari. Mudir ya ce bai tambayi ra'ayi ba. Ni da na fi kowa a ginin sanin abin da zai biyo baya ina tsaye da tsintsiya ina share wurin da ba datti. Baba ya danna.

Ƙarfe ɗaya da minti goma sabar ta dawo. An rufe karɓar takardu tun sha biyu. A sama sun yi ƙoƙarin tattaro gutsattsarin da ke cikin wasiƙun juna, ba su kai rabi ba. Da na koma ɗaukar farantina na tarar da injiniyar nan ta kifa kai a tebur, shayin da na kawo mata da safe ya yi sanyi a gefenta.

Washegari aka kira taro, kuma kamar kowane taro ni aka ce in kawo shayi. Mudir yana kan tebur, da mai kula da ma'aikata, da wani baƙo daga kamfanin wajen nan, an riga an kira su. Baba yana zaune shi kaɗai a ɗaya gefen, ya sa farar jallabiyarsa ta Juma'a. Baƙon ya haska umarnina a bango. Rajistar na'ura ta nuna an ɗora shi ranar Alhamis da la'asar, da sunan Usman.

Na fara zuba shayi daga kan Mudir. Baƙon yana bin layukan da ɗan jan haske, yana cewa aikin ba laifi, wanda ya rubuta ya san abin da yake yi. Sai hasken ya tsaya a layi na uku. Wata 'yar tunatarwa ce da na rubuta wa kaina shekaru da suka wuce, na manta da ita sam. Cewa take: a kunna janareto tukuna.

"Wannan wane harshe ne?" in ji baƙon.

A duk ginin nan mutum biyu ne ke jin wannan harshen, kuma dukkanmu muna cikin ɗakin.

Baba ya ce, "Harshen kakana ne. Da shi nake rubuta wa kaina abin da ba na so in manta."

Mudir ya ce, "Kai ka rubuta wannan?"

"Ni na rubuta."

"Kai ka sa masa ranar Lahadi?"

"Kuskurena ne."

Na zo kan Baba da buta. Na buɗe baki. Bai ɗago ba. Ya tura mini kofinsa, ya ce da Hausa, a hankali, kamar mai neman ƙarin sukari, "Zuba shayinka ka fita."

Na zuba, na fita.

Shekara biyu ina gaya wa kaina cewa don shi na yi shiru. Kuma akwai gaskiya a ciki: da na yi magana, kuskure zai koma cin amana, a ce ya ba mai shara lambar sirrin kamfani, mu tafi mu biyu, wataƙila ta hannun 'yan sanda. Amma na yi alƙawarin ba zan yi ƙarya a rubutun nan ba. Da ƙofar ta rufe a bayana, abin da na fara ji a jikina daɗi ne. Sanyi ya sauko mini daga wuya zuwa ƙafa, na ce alhamdu lillahi ba ni ba ne. Kunyar daga baya ta zo, kuma ita ba ta tafi ba.

An ba shi wata guda. Juma'ar da muka shirya za mu zo mu biyu, mutanen kamfanin waje ne suka zo. Ba su kawo komai nasu ba. Umarnina suka buɗe, suka sauya layi na huɗu, suka tashe shi. Ranar Lahadi ma'aikata suna ta mamakin yadda takardu ke buɗewa nan take, ina bin tebur-tebur da shayi ina jin ana yaba wa baƙi, ana cewa dama tsohon nan ya daɗe da tsufa.

Ban koma gidansa cin tuwo ba. Sau biyu ya aiko a kira ni, na ce ba ni da lafiya. Ya nemi aiki a wurare, amma ba mai ɗaukar mai furfura da aka kora kan irin wannan dalili. Ranarsa ta ƙarshe ya same ni a matakalar nan da muka fara haɗuwa, yana riƙe da kwali ɗaya: buta, darduma, da hoton 'ya'yansa. Na durƙusa. Na ce, "Baba, ka yafe mini. Bari in je in faɗa musu, ko yanzu."

"Ka faɗa musu don me? Su mai da ni? Tashi, wandonka zai jiƙe."

Na tambaye shi ina za su. Ya ce Fot Sudan tukuna, daga nan sai inda hanya ta buɗe, akwai dangin matarsa a wani gari in suna nan. Ƙaramar 'yarsa saura mata shekara ɗaya ta gama sakandare. Bai faɗi wannan ba, ni na sani.

"Na karanta aikinka layi-layi bayan abin ya faru," in ji shi. "Mai kyau ne, wallahi. Ba ka yi ƙarya ba, ka iya. Ranar ce kawai ka taho da ita daga gida." Ya gyara riƙon kwalinsa. "In ka koma, ka ɗauko mini hoton dutsen nan. Ina so in ga ko da gaske yana da fuska."

Na ƙara wata goma sha uku ina goge matakalarsa. Ɗakin na'urorin aka sa masa sabon makulli mai karanta yatsa. Sau biyu ya amsa saƙona daga Fot Sudan, gajeru, duk suna lafiya, ruwa ne ke wahala. Bayan nan shiru. Da aka rage ma'aikata aka miƙo mini fasfona a ambulan, na dawo Suleja da akwati ɗaya da kwalbar turaren Mama Ebuka.

Kwana uku da dawowata na hau acaɓa na je Zuma. Na tsaya a gefen titi inda masu masara ke gashi, na jira rana ta juya yadda idanu da bakin dutsen za su fito sosai, na ɗauka, na tura masa. Alama ɗaya ta fito a gefen hoton, wadda ke nufin saƙo ya bar hannunka amma bai isa ba. Har yau ɗaya ce.

Yanzu ina kula da kwamfutocin wata makarantar kuɗi a nan cikin gari. Na gaya wa Rakiya komai, ta yi kuka, ta ce haka Allah ya rubuta. Na san haka ne. Amma layi na huɗu ni na rubuta shi.

Lahadin da ta wuce ina zaune a ƙofar gida. Unguwa tsit, shaguna a rufe. Mama Ebuka ta fito da ɗaurin kanta mai tsawo za ta coci, ta gan ni da kwamfuta a cinya.

"Oga Dubai, today na Sunday! Ba mai aiki yau, ka huta mana!"

Na ce mata a dawo lafiya. Na ciro filashin daga jikin makullin akwatina, karo na farko tun Maskat, na buɗe umarnin. Babu sabar da zan ɗora shi a kai, babu wanda zai amfana. So nake kawai in sani. Na ajiye agogon wayata a gefe, na sauka layi na huɗu, na goge Lahadi na rubuta Juma'a, na adana.

Daƙiƙa goma sha ɗaya ya ɗauke ni.